Yadda ake haɗa tsofaffin na'urori da sabuwar kwamfuta ba tare da an sayi kebul ɗin banza ba

Duk wanda ya daɗe yana ta'ammali da kwamfuta yana da wani kwali ko aljihun tebur da kebul-kebul suka cukurkuɗe a ciki. Ran da aka yi sabuwar kwamfuta sai a zazzage su a yi ta gwaji: wannan ya shiga amma shiru kake ji, wancan ko shiga bai yi ba. Ga tsohuwar firinta lafiyarta ƙalau, ga majigi bai gaji ba, ga faifan da ke ɗauke da hotunan shekara goma, amma sabuwar kwamfutar ba ta da ramin ko ɗaya daga cikinsu.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne zaton cewa da zarar kan kebul ya shiga rami, magana ta ƙare. Kama da wane ba ta wane. Kafin na'urori biyu su yi aiki tare, sai abu uku sun dace: siffar kai da rami, harshen da saƙo ke tafiya da shi a cikin kebul ɗin, da kuma wutar da ɗayar za ta ba ɗayar. Ido yana ganin na farko ne kawai. Sauran biyun su ne ke sa mutum ya sayi adafta uku kafin ya dace da guda.

Mataki na farko: san sunan ramukan biyu

Kafin ka nemi kowane kebul, juya na'urorin biyu ka dubi ramukansu da kyau, da haske. Ɗauki hoton kowanne da wayarka, har da ɗan tambari ko rubutun da ke gefensa, domin wannan ɗan zanen yakan faɗi abin da siffar ramin ba ta faɗa ba. Sannan ka ƙirga haƙoran, wato 'yan ƙarafan da ke ciki.

Ƙirgar tana raba gardama. VGA, ramin allo da IBM ya fito da shi a 1987, haƙora 15 gare shi a layi uku, kuma galibi shuɗi ne. Ramin siriyal, tsohon ramin aika bayanai, yana kama da shi sosai, amma haƙoransa 9 ne a layi biyu, kuma a jikin kwamfuta shi namiji ne, VGA kuwa mace. Sauran ramukan allo su ne DVI, HDMI da DisplayPort. DVI na 1999 ya fi VGA faɗi, yawanci fari. HDMI yana da kusurwa biyu a daddatse, DisplayPort kusurwa ɗaya kawai, kuma kansa yakan zo da ɗan makulli da sai ka danna kafin ka zare. Mutane da yawa sun ɓaɓɓake ramin allonsu don sun ja da ƙarfi ba su danna ba. A ɓangaren USB akwai A, mai faɗi da kowa ya sani. Akwai B mai kusan kusurwa huɗu da ke bayan firinta. Akwai Mini na tsofaffin kamarori, Micro na tsofaffin wayoyi, sai USB-C na 2014, ɗan ƙarami mai zagayayyun gefe wanda ba shi da sama ba shi da ƙasa.

In ka samu lambar samfurin na'urar a ƙasanta ko bayanta, rubuta ta. Takardar bayanin da kamfanin ya wallafa ita ce za ta gaya maka ainihin abin da kowane rami ke iya yi.

Mataki na biyu: harshensu ɗaya ne, ko sai da tafinta?

Adafta iri biyu ce, kuma wanda ya gane bambancinsu ya huta da rabin wahala. Akwai wadda ba komai a cikinta sai wayoyi, tana sauya siffar kai ne kawai. A kwalinta za ka ga an rubuta passive. Wannan tana aiki ne in na'urorin biyu dama harshensu ɗaya. Akwai kuma wadda ke da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki, tana karɓar saƙo cikin wani harshe ta mayar da shi wani, kamar tafinta. A kwalinta ana rubuta active, takan ɗan fi kauri, wani lokaci ma tana buƙatar wutar kanta.

Tafinta irin wannan kusan kullum hanya ɗaya take fassara. Saboda haka ka rubuta a takarda: wace na'ura ce ke aikawa, wace ce ke karɓa? Adaftar da ke ɗaukar hoto daga HDMI zuwa VGA ba za ta ɗauka daga VGA zuwa HDMI ba, ko da kawunan sun zauna daram. A rubutun kwali, sunan da ya zo farko shi ne na mai aikawa. Karanta shi sau biyu.

Mataki na uku: USB na da, inda abin ya fi sauƙi

A nan masu tsara ƙa'idar sun kyauta. Tun daga USB 1.1 na 1998 har zuwa yau, sabon rami yana karɓar tsohuwar na'ura, tsohon rami ma yana karɓar sabuwa in siffa ta dace. Abin da ke canzawa shi ne gudu. USB 1.1 yana ɗaukar megabit 12 a daƙiƙa, USB 2.0 na shekarar 2000 megabit 480, USB 3.0 na 2008 kuwa gigabit 5. Dokar ita ce: rami, kebul, da na'ura, wanda ya fi rauni cikinsu shi ke yanke gudun kowa. Ka sa faifai mai USB 3.0 a rami mai USB 3.0 amma da kebul na 2.0, to gudun 2.0 za ka samu. Fayilolin gigabait 100 da za su wuce cikin ƙasa da minti 20 sai su kai ka kusan awa guda kana zaune.

Yadda za ka gane na 3.0: harshen roba da ke cikin ramin yakan zama shuɗi, ko a ga SS a gefe. Launi ba dole ba ne, wasu kamfanoni baƙi suke sa wa duka. Hujjar da ba ta ƙarya ita ce haƙora: leƙa cikin kan kebul ɗin, na 2.0 huɗu ne, na 3.0 yana da ƙarin biyar can ciki, tara ke nan.

Sunayen kuma sun zama abin dariya. Abin da aka fara kira USB 3.0 an sake masa suna USB 3.1 Gen 1, daga baya aka ce USB 3.2 Gen 1, alhali duk gigabit 5 ɗin nan ne bai ƙaru ba. Gen 2 shi ne gigabit 10, Gen 2x2 gigabit 20. Kada lambar gaba ta ruɗe ka, nemi adadin gigabit da aka rubuta.

Wurare biyu siffa ke ba da matsala. Kan B na 3.0 yana da ɗan tozo a sama, ba ya shiga ramin B na 2.0, amma tsohon kan B yana shiga sabon rami. Haka Micro-B na 3.0, mai faɗin nan da ke jikin faifan ajiya na waje kamar an manne kai biyu: in kebul ɗinsa ya ɓata, kebul ɗin tsohuwar waya mai Micro yana shiga rabin ramin ya yi aiki, a hankali dai. Sai dai wutar kan yi kaɗan, domin ramin 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa bisa ƙa'ida, na 3.0 kuwa 900. In ka ji faifan yana ƙas-ƙas ya ƙi tashi, kafin ka yanke masa hukuncin mutuwa, gwada shi a wani rami da gajeren kebul, ko ta mahaɗar USB mai cajarta daban.

Tsawo ma yana da iyaka. Kebul na 2.0 kada ya wuce mita 5, na 3.0 kuwa a tsaya wajen mita 3. Fiye da haka sai kebul mai ƙwaƙwalwa da ke ƙarfafa saƙon a hanya. Ga wani abu da ba kowa ya sani ba: ramin 3.0 da ke aiki yana fitar da hayaniyar da ke damun 'yan kawunan linzami da kibod marasa waya masu amfani da zangon gigahaz 2.4. In linzaminka yana tsalle-tsalle tun da ka sa sabon faifai kusa da shi, mayar da ɗan kansa ramin 2.0 ko ka nisanta shi da ɗan kebul na ƙari.

Mataki na huɗu: USB-C, rami ɗaya mai fuska da yawa

Nan ne ya kamata ka fi nutsuwa. USB-C sunan siffa ne kawai, ba alkawarin gudu ba ne, ba kuma alkawarin hoto ko caji ba. Haƙora 24 ne a ciki, amma ba dole kamfani ya haɗa dukansu ba. Don haka ramuka biyu a jikin kwamfuta ɗaya, kamar an tsaga kara, ɗaya zai iya fitar da hoto zuwa allo ya kuma caja kwamfutar, ɗayan ko filash kawai yake karantawa.

Fara da ramin. In ka ga zanen walƙiya mai kibiya a gefensa, Thunderbolt ne, wanda tun daga zubi na 3 a 2015 ya koma amfani da siffar USB-C yana ɗaukar gigabit 40: hoto da bayanai duk yana yi, kuma yana karɓar na'urorin USB na yau da kullum. In ka ga tambarin DisplayPort, harafin D mai P a ciki, ramin yana fitar da hoto. In babu ko ɗaya, koma takardar bayanin kwamfutar ka nemi kalmomin DisplayPort Alt Mode. Babu su, to duk adaftar USB-C zuwa HDMI ta yau da kullum da za ka saya ba za ta nuna komai ba, domin ba ita ke ƙirƙirar hoton ba, ramin ne ya kamata ya ba ta. Mafita a nan ita ce adafta mai fasahar DisplayLink, wadda ke tura hoton a matsayin bayanan USB, tana aiki har a ramin A, amma sai an sa mata manhajarta, kuma ta fi dacewa da aikin rubutu da lissafi fiye da wasan kwamfuta.

Ramin Thunderbolt yana karɓar na'urar USB, amma akasin haka ba ya yiwuwa a mafi yawan lokuta: na'urar da aka yi don Thunderbolt zalla, ka sa ta a ramin USB-C na gama-gari, ba za ta motsa ba. Thunderbolt na 1 da na 2 kuwa, na 2011 da 2013, siffar Mini DisplayPort suka ara, don haka sai da adafta ta musamman ake haɗa su da na 3.

Sai kebul ɗin kansa. Yawancin kebul ɗin da ke zuwa da cajar waya ko ta kwamfuta, ko da kawunansa biyu USB-C ne, wayoyin USB 2.0 kaɗai ke cikinsa. Zai yi caji, zai kwashi fayil a hankali, amma ba zai taɓa ɗaukar hoto zuwa allo ba. Mutum ya sayi allo mai tsada, ya haɗa da kebul ɗin caja, ya ga duhu, ya ce allon ne ya lalace. Nemi kebul da aka rubuta wa gigabit 10, 20 ko 40, ko mai tambarin walƙiya. Irin waɗannan sukan fi kauri kuma gajeru ne, masu gigabit 40 marasa ƙwaƙwalwar ƙarfafa saƙo ba su cika wuce mita ɗaya ba.

Wuta ma haka. Kowane kebul na C zuwa C da aka yi bisa ƙa'ida yana ɗaukar amfiya 3, wato wat 60 a kan bolt 20. Don ya ɗauki amfiya 5, wat 100 ke nan, ko wat 240 na ƙa'idar 2021, dole ya kasance da ɗan guntun lantarki a kansa da ke shaida wa caja ƙarfinsa. Babu wannan shaida, cajar wat 100 za ta tsaya a 60, kwamfutar ta ce tana caji a hankali. Daɗin abin shi ne caja da na'ura suna yin ciniki kafin wuta ta ƙaru, don haka babbar cajar USB-C ba ta ƙona ƙaramar waya.

Akwai kuma 'yan na'urori masu araha, fitilu da ƙananan lasifika, da ke da ramin C amma ba sa caji da kebul na C zuwa C, sai na A zuwa C. Ba cajarka ba ce ta lalace. Masu ƙera su ne suka tsallake wasu 'yan sassa biyu da ke sanar da caja cewa an haɗa wani abu.

Mataki na biyar: allo, talabijin da majigi

Raba ramukan gida biyu. VGA analog ne, saƙonsa igiyar lantarki ce mai hawa da sauka. HDMI da DisplayPort dijital ne, saƙonsu lambobi ne. DVI kuwa ƙafa biyu gare shi, kuma ga yadda za ka san wanda ke hannunka: dubi ɗan faffaɗan haƙorin da ke gefe guda shi kaɗai. In akwai ƙananan haƙora ko ramuka huɗu kewaye da shi, DVI-I ne, yana ɗauke da analog da dijital. In babu, DVI-D ne, dijital zalla.

Daga nan lissafin ya fito fili. HDMI da DVI harshensu na hoto ɗaya ne, don haka kebul mai kan HDMI a gefe ɗaya da DVI a ɗayan yana aiki ta kowace fuska, ba tafinta. Sai dai kada ka sa ran sauti, kuma irin wannan haɗin yakan tsaya a hoto mai ɗigo 1920 sau 1200. DVI-I zuwa VGA ma ƙaramar adafta mara ƙwaƙwalwa ta isa, in ramin kwamfutar DVI-I ne da gaske. Amma HDMI zuwa VGA, wato sabuwar kwamfuta da tsohon majigi, dole tafinta. Zaɓi wadda ke da ramin sauti a jiki, tunda VGA ba ya ɗaukar sauti, kuma in da hali mai ramin ƙarin wuta, domin wutar da HDMI ke bayarwa kaɗan ce. Kebul ɗin nan da ake sayarwa mai HDMI a kai ɗaya da VGA a ɗayan, siriri ba wani kumburi a jikinsa, ni dai ban ga dalilin sayensa ba.

DisplayPort zuwa HDMI yana da sauƙi in ramin kwamfutar yana da tambarin DP++, domin ramin da kansa ya iya harshen HDMI, adafta mara ƙwaƙwalwa ta wadatar. Juya lamarin kuwa, kwamfuta mai HDMI da allo mai DisplayPort kawai, sai adafta mai ƙwaƙwalwa da aka yi don wannan hanyar, mai jan wuta daga USB.

Game da zubin HDMI, siffar ba ta canza ba, abin da ke wucewa ne ya ƙaru. HDMI 1.4 na 2009 yana nuna 4K sau 30 a daƙiƙa, 2.0 na 2013 sau 60, sai 2.1 na 2017 da ya kai gigabit 48. In ka haɗa allon 4K ka ga linzami yana tafiya kamar mai jin barci, wataƙila wani abu a layin ya tsaya a 1.4: ko ramin, ko adaftar, ko kebul ɗin. Ana rarraba kebul ɗin da suna a jikinsa ko kwalinsa: High Speed ya isa ga 1080 da 4K sau 30, Premium High Speed ga 4K sau 60, Ultra High Speed ga abin da ya fi haka. A gajeren zango, kebul dijital ko ya kawo hoton daidai ko ya riƙa ɗaukewa da walƙiyar ɗige-ɗige. Ruwan zinare a kansa ba ya ƙara wa hoto kyau.

Abu biyu kafin ka zargi kebul. A kwamfutar tebur mai katin hoto daban, sa kebul ɗin a ramin katin, can ƙasa, ba na sama da ke kusa da ramukan USB ba. Sannan ka zaɓi mashigar da ta dace a jikin allon, kuma a Windows ka danna maɓallin Windows tare da P ka zaɓi yadda kake so hoton ya fita. In komai yana fita amma fim daga manhajar kallo ya zama baƙi, kariyar kwafi ce da ake kira HDCP, wadda VGA da wasu adaftoci ba su iya ta ba.

Mataki na shida: kakannin ramuka

Da tsohuwar zuma ake magani, kuma akwai na'urorin awo, injinan masana'anta da firintocin rasit da har yau ke aiki da ramukan da aka daina sa wa kwamfuta.

Ramin PS/2 zagayayye ne mai haƙora 6, shunayya na kibod, kore na linzami. 'Yar koriyar adaftar nan da ke zuwa da tsofaffin linzamai ba ta fassara komai, tana aiki ne kawai da linzamin da dama ya iya harsunan biyu. Don sa tsohon kibod na PS/2 a ramin USB, nemi mai ƙwaƙwalwa, wadda galibi ke da wutsiya biyu. In kuwa kwamfutar tana da ramin PS/2, kashe ta kafin ka sa ko ka cire, ba a yi shi don a zare da wuta ba.

Siriyal yana buƙatar adaftar USB mai guntun lantarki, irin na kamfanin FTDI ko Prolific, da direbanta, wato manhajar da ke koya wa kwamfuta yi mata magana. Bayan ka sa, buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da aka haɗa, ka ga lambar COM, wato lambar ramin siriyal, da aka ba ta. Tsofaffin manhajoji da yawa COM1 zuwa COM4 kawai suka sani, in an ba ta COM9 sai ka sauya lambar da hannu a saitin ramin. Kebul ɗin siriyal kuma iri biyu ne masu kama ɗaya, miƙaƙƙe da mai wayoyi a harɗe da ake kira null modem. In komai daidai ne amma shiru, gwada ɗayan.

Tsohuwar firinta mai faffaɗan rami na haƙora 36 tana aiki da kebul na USB zuwa faralel (sunan wannan ramin ke nan), amma bugu kawai. Sikana ko makullin manhaja (ɗan abin da ake sokawa kafin manhaja ta buɗe) da ke amfani da ramin faralel ba su cika yarda da shi ba, sai kati da ake sokawa cikin kwamfutar tebur. FireWire na tsofaffin kamarorin bidiyo ma haka: duk ɗan kebul da aka ce yana mayar da FireWire USB kai tsaye, bar shi inda ka gan shi. Harsunan ba su da dangantaka, kati na ciki shi ne hanya.

Mataki na bakwai: ciro bayanai daga tsohon faifai

Dubi bakin faifan. Haƙora da yawa a layi biyu, IDE ne: 40 a babban faifan tebur, 44 a ƙaramin na laftof. Baki biyu masu siffar L kuwa SATA ne, ƙaramin na bayanai, babban na wuta, kuma duk zubinsa uku, gigabit 1.5, 3 da 6, suna aiki da juna. Ƙaramin faifai mai inci 2.5 wutar USB takan ishe shi. Babba mai inci 3.5 yana buƙatar bolt 12, wanda ramin USB na A ba ya bayarwa, don haka sayi adafta mai cajarta. A faifan IDE, duba ɗan maɓallin roba da ke kusa da haƙoran ka sa shi a matsayin Master, haɗa komai, sannan ka kunna wuta. In Windows ta ce a goge faifan kafin a yi amfani da shi, ce a'a. Mai yiwuwa an tsara shi ne a Mac ko Linux, bayanan suna nan.

Ƙananan faifan M.2 masu kama da tsinken cingam su ma kama da wane ce: wasu SATA suke ji, wasu NVMe. Karanta takardar da ke manne a jiki kafin ka sayi gidansa.

Mataki na takwas: direba

Wani lokaci kebul ya yi daidai, kwamfuta ta ga na'urar, amma ba ta san yadda za ta yi mata magana ba. A Device Manager za ka ga alamar motsin rai cikin ruwan ɗorawa. Wannan albishir ne ta wani ɓangare, domin ya nuna haɗin ya yi, direba ne babu. Kibod, linzami da filash ba sa buƙatar na musamman. Firinta da sikana su ne masu rigima. Direban da aka rubuta don Windows mai bit 32 ba ya hawa mai bit 64, kuma Windows 11 mai 64 ce kaɗai. Nemi direba a shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, ba shafukan da ke alkawarin sabunta maka komai ba. In babu na sabuwar Windows, na Windows 7 mai bit 64 yakan yi aiki. Firintocin da ke jin harshen PCL ko PostScript kuwa sukan karɓi direba na gama-gari. Linux ma ta riƙe direbobin tsofaffin sikana da firinta da yawa da kamfanoninsu suka manta da su.

Mataki na tara: gwaji, abu ɗaya a lokaci guda

Ruwa ba ya tsami banza. In haɗin ya ƙi, kada ka sauya komai gaba ɗaya. Cire duk mahaɗa da kebul na ƙari, haɗa kai tsaye. Sauya rami. Sauya kebul da wanda ka tabbatar yana aiki. Kai na'urar wata kwamfuta. Duk inda matsalar ta bi, can laifin yake. Kada ka jera adafta kan adafta, biyu ma sun yi yawa in akwai guda da za ta yi aikin. In waya tana caji amma kwamfuta ba ta ganinta, zargi kebul ɗin tukuna, akwai waɗanda wayoyin wuta kaɗai ke cikinsu. Wanda ka gano halinsa, manna masa 'yar takarda ka rubuta.

Kebul ɗin intanet bai cika rigima ba. Cat5e ya isa gigabit 1 har mita 100, sabo da tsoho duk suna shiga rami ɗaya. In gudun ya maƙale a megabit 100, mai yiwuwa waya ɗaya cikin takwas ta tsinke, domin gigabit yana buƙatar dukansu. Na sauti kuwa, ƙirga zoben da ke jikin kan: biyu na kunne ne kawai, uku har da makirufo, kuma tsohuwar kwamfuta mai rami kore da ruwan hoda tana buƙatar 'yar adafta mai raba shi biyu.

Inda gwaji ya haramta

Yawancin abin da aka faɗa a sama, in ka kuskure, iyakarsa abu ya ƙi aiki. Wurare biyu ne kuskure ke zama hayaƙi. Na farko cajar laftof mai zagayayyen kai. Ita ba ta ciniki kamar USB-C, abin da ke cikinta take turawa. Karanta rubutun ƙasan kwamfutar da na jikin cajar: bolt dole ya zo daidai, amfiyar caja ta kai abin da kwamfutar ke nema ko ta fi, sannan ɗan zanen da ke nuna ko tsakiyar kan ce mai alamar tarawa ya zama iri ɗaya. Cajar bolt 19 tana iya shiga ramin na'urar bolt 12 lafiya lau, kuma shigarta ta farko kan zama ta ƙarshe.

Na biyu kebul-kebul ɗin da ake cirewa daga akwatin wutar kwamfutar tebur. Gefen da ke shiga faifai ko katin hoto ƙa'idarsa ɗaya ce a ko'ina, amma gefen da ke shiga akwatin kowane kamfani da yadda ya jera wayoyinsa, wani lokaci har samfuri biyu na kamfani ɗaya sun bambanta. In ka sauya akwatin wuta, kwashe tsofaffin kebul ɗin duka ka sa waɗanda suka zo da sabon, ko da tsofaffin sun shiga daidai. Wanda ya bar na faifai don ƙyashin sake jera wayoyi yana iya aika bolt 12 inda ake jiran 5, ya ƙone faifan da ya yi duk wannan wahalar don ya ceci abin da ke cikinsa.